Dunƙulen Audugar Kawu Bello

Ina da shekara tara, a Gwandu, ranar da Kawu Bello, ƙanen mamata mai koyar da kimiyya a sakandare, ya ɗebi audugar kaɗin kakarmu ya dunƙule ta bayan la'asar. Ya rataye dunƙulen a reshen darbejiya, ya ba ni tsakuwa cike da hannu.

"Jefa da ƙarfi, ɗiyata."

Yawancinsu suka huda suka wuce. Ɗaya ta dawo ta bugi ƙafata.

"Mi ya maido ta?"

"Akwai abu mai tauri ciki, Kawu."

Ya yi dariya, ya buɗe. Ƙwallon dabino uku ya ɓoye. Ya ce haka masana ke yi a ƙasashen waje: suna da wani inji mai harba ƙananan ƙwayoyin lantarki cikin ƙwayoyin da ke tsakiyar zarra, yadda suka dawo shi ke nuna abin da ke ciki. Ƙananan abubuwa uku ne cikin kowace ƙwaya, kuma ƙarfin da ke riƙe da su ba ya sakin ko ɗaya, duk yadda aka ja.

"Ka taɓa ganin injin?"

"A littafi dai." Ya juya ga mamata. "Yaya, wagga kar a bari ta tsaya da karatu."

A aji shida na firamare na tsaya.

Yanzu awara nake soyawa kusa da jami'a a Kalgo. Hauwa'u, 'yata, wata biyu ke nan ajinsu ba malami. Jiya ta tambaye ni me ya sa dutse ba ya watsewa. Na san wani abu game da amsar, amma na ji tsoron ta so ilimin yadda na so shi, sannan ita ma ta tsaya. Na ce ta miƙo min mai.