Dodo da Kwalayen Maganin Wake

Dodo bai taɓa haddace fuskar ma'aikaci ba, motoci yake haddacewa. Fara ta ma'aikatar gona ce, koriya ta muhalli, mai fasasshen madubi ta lafiya. Da ya hango ɗaya ta doso kasuwar Bukkuyum, sai haramtaccen maganin adana waken da yake sayarwa ya shige ƙarƙashin buhunan gero.

Wannan karon abin ya fi ƙarfin buhu. An ce hukumomin uku sun haɗa kai, tare za su zo, kuma rumfa-rumfa za su bi. Jarinsa kaf yana cikin kwalayen maganin nan, in an kwashe su ya tashi a tutar babu. Sai ya turo su a baro zuwa bakin titi.

Sai ga wata tsohuwar bas ta haya daga wajen Anka ta tsaya, fasinja uku kacal a ciki.

"Direba, Gummi za ka?"

Direban ya buɗe baki, amma dattijon da ke gaba ya dubi kwalayen ya riga shi: "Can munka nufa, Alhaji. Shigo da kayanka."

Mutanen kirki! Har da taya shi lodi. Matar cikinsu ma sai da ta sa safar hannu kafin ta taɓa, abin da ya ba Dodo dariya, 'yan birni da iyayi.

Da Bukkuyum ta ɓace a baya, Dodo ya saki jiki, bakinsa ya buɗe. Ya faɗi inda yake saro maganin, ya faɗi yadda yake canza masa kwalba, ya lissafo abokan sana'arsa.

"Haɗin kai? Waɗanga mutane ko kwano guda ba su iya ci," in ji shi. Suka fashe da dariya, dattijon har da share hawaye.

A Gummi direban ya wuce tasha bai ko rage gudu ba, ya karya kan motar zuwa ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma.

Dodo ya faɗi gaskiya a abu ɗaya. Tun safe wakilan hukumomin uku suke rigimar motar wa za a shiga, kowa ya ƙi ta ɗan'uwansa, shi ya sa suka ɗauki shatar wannan bas ta haya.