Allon 'Yan Boma

Tafi ya ɓarke da Alhaji Haliru mai gwangwan, dillalin tsofaffin ƙarafa, ya yaye ƙyallen. Sabon allon tagulla na sheƙi, ɗauke da sunayen 'yan ƙauyen da suka tafi yaƙin Boma ba su dawo ba.

Wata uku ke nan da aka ɓalle tsohon allon daga jikin gininsa a bakin kasuwa. Ranar, ba wanda ya kai Alhaji tsine wa ɓarawo. Shi ya ce ya san maƙera a Kaduna da za su zuba sabo. Manoma suka tara masa buhun albasa arba'in, har na Bodinga da Shagari suka sa hannu.

"Wanga aiki," in ji mai gari, "sai ɗan halak. Allah shi ƙara muna irinka!"

Sai ga Inna Laraba tana dogara sanda. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san sunan mahaifinta yana layi na uku. Shekara sittin tana shafa shi duk ranar kasuwa, har haruffan suka lotsa.

Ta ɗora babban yatsanta. Ta daɗe ba ta ɗauke ba. Sannan ta juyo, ta ɗaga murya yadda na baya ma za su ji.

"Alhaji, ka gaishe min da maƙeran Kaduna. Ba su taɓa ganina ba, amma haw wurin da yatsana ya cinye sunka zuba, daidai wa daida!"