Taliyar Huɗu ga Janairu

Tambaya ɗaya ta yi wa mijinta, jakar kayanta kuwa tana ɗaure a bayan ƙofa. Ta riga ta yanke shawara: in ya kasa amsawa, yau a gidan uwarta za ta kwana, can bayan Manila.

"Malam masani, yau wace rana ce?"

Mijin ya gyara zama. Shi ne zakaran kacici-kacici na unguwa, har kofi ya taɓa ciyowa.

"Haba uwargida, wannan ai ta yara ce. Huɗu ga Janairu, Ranar Taliya, kuma Ranar Kacici-kacici."

"Shi ke nan?"

"Akwai ƙari." Ya miƙa hannu kan teburin da ta jera cuku da jar miyar ayaba mai zaƙi, ya zaro taliyar da ba ta kai ga dafawa ba. "Kin san busasshiyar taliya ba ta karyewa gida biyu? Sai uku ko fiye. Duba ki gani."

Ya karya sili ɗaya, ya karya wani. Daɗi ya kwashe shi, ya haɗa ƙunshin duka ya ɓalla, gutsattsari suka watsu har ƙarƙashin firji.

Ko yaron goye a ƙasar nan ya san ba a karya taliyar ranar haihuwa, don tsawonta tsawon ran mai ranar ne, mai ranar kuwa yau ita ce. Ta dubi shekarunta a warwatse a ƙasa, ta saɓi jaka.

"Ina za ki kuma?"

"Kai ne masani. Canka."