Gidanmu a Bangon Makaranta

Malaminmu na zane ya shafe mini gida da farin fenti, kuma har yau ban yafe masa ba.

A shekarar da muka koma Dutse Uku bayan rikici ne, ina aji biyar. Aka tara yaran unguwa a jikin bangon makaranta, wai mu haɗu mu zana taswirar wani gari da babu shi a duniya. Kowa aka yankar masa wurinsa. Wani ya yi kogi, wata ta yi kasuwar da ba a sayar da komai sai alewa. Ni kuwa na zana gidanmu na Kabong da aka ƙone, da shuɗiyar ƙofarsa da bishiyar fiya a tsakar gida. Na ja masa hanya har bakin kogin, don Inna ta huta da neman ruwa.

Malam ya daɗe a bayana yana kallo. Sai ya tsoma buroshi a bokiti.

"Ai ka ji doka, yaro. Garin ƙirƙira muke yi, ba a sa abin da yake na gaske."

Har gobe in na ji warin fenti raina ɓaci yake yi. Da ya gama shafewa, ya miƙo mini buroshi wai in zana filin ƙwallo a wurin. Ban karɓa ba. Na dube shi na ce:

"Malam, mu je Kabong ka nuna mini gidan nan. In ka same shi, na yarda na gaske ne."