Baki Uku, Nono Biyu

Jar akuyar ta haihu ranar Talata da hantsi, a bayan kangon da Malam Haliru ya samu mafaka a gefen Gusau. Shi da kansa ya share wa 'ya'yan majina daga hanci, ya ɗaure cibiya da zare, ya tsaya har mabiyiya ta faɗo ya binne ta. Sannan ya dama dusa da ruwan ɗumi da 'yar kanwa ya ajiye wa uwar. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa a firamare bai taɓa yarda da aikin ganin dama ba, ba kuwa a kan akuya zai fara ba.

Akuyar ta 'yarsa Raliya ce. Ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu a ƙasar Tsafe, sun tafi da Raliya da mijinta. Malam ya fito da igiyar akuya a hannu, matarsa Kulu na biye da abin da ta iya goyawa. Ko tabaransa bai ɗauko ba. Kwanansu uku da isowa aka yi haihuwar.

Nono biyu gare ta, baki uku ke jira. Biyu sun miƙe tun ranar farko, suna ture juna a ƙarƙashin uwar. Ta ukun ba ta iya kamawa da kanta. Sai an tatsa, a tafasa, a huce, a ɗura mata da ƙaramin cokali. Ita kaɗai ke kwana a ɗaki, cikin tsumma, a gefen Kulu.

Malam ya zana jadawali da gawayi a jikin bango: lokacin harawa, lokacin ƙasari, lokacin tatsa. Kullum sai ya tatsi rabon ƙaramar kafin ya saki sauran.

A kwana na tara hantsar akuyar ta kumbura ta ɓangaren hagu, ta yi zafi kamar dutsen murhu. Akuyar ta daina tuƙa. Malam ya taka har kasuwa, shagon wani Sani mai maganin dabbobi, ya karɓo kwalbar allura. Ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita, rubutun ya ƙi fitowa.

"Kwanan watan fa?" ya tambaya.

"Sabon zuwa ne, Malam," in ji Sani.

Kwana uku ana allura, kumburin na ƙaruwa. Nonon hagu ya koma ruwan ɗorawa da jini. Na dama bai fi cikin ludayi ba. Malam ya ɗaure manyan biyun nesa da uwar, suna kuka har muryarsu ta dishe.

"Malam, waɗannan za su mutu," in ji Kulu.

"Na sani."

Ya hau mota zuwa Bungudu wurin wani tsohon ɗalibinsa mai awaki, ya tarar da turaku babu ko igiya. An kore garken tun damina. Kulu ta bi gidajen unguwa tana neman inda za a samu nono, duk inda ta shiga nasu ma bai isa ba. Ya sayar da agogonsa ya sayo madarar gwangwani. Kwana biyar ta yi.

Ranar Laraba akuyar ta kwanta, ta shure kafin ya ɗauko wuƙa. Washegari manyan biyun suka bi ta.

Malam ya ari tabaran limamin unguwa, ya zauna da kwalbar a rana. A nan ya ga gefen takardar ya ɗan ɗago. Ya sa farce ya ɓare. A ƙarƙashi akwai wata takardar, kuma maganin ya mutu shekara biyu da suka wuce.

Ya koma shagon, ya ajiye kwalbar a kan kantar Sani, takardun biyu gefe da gefe, yadda yake ajiye wa ɗalibi littafinsa da jan biro.

"Karanta."

"Haka aka kawo mana."

"Na tambaye ka kwanan wata. Ka ce sabon zuwa ne."

Sani ya dubi mutanen da suka fara taruwa, ya yi 'yar dariya. "Haba Malam, duk wannan wa'azi a kan akuya? Dabba ce fa, ba mutum ba. In kiwon bai karɓe ka ba, ka koma allo."

Malam ya tattara takardun biyu. Ba tausayi ya zo nema ba, hakki ya zo nema. Ya ɗauki kwalbarsa ya fita.

Kulu ta gwada ruwan koko, ta gwada ruwan sukari. Ranar Juma'a da safe cokali ya shiga, ruwan ya dawo ta gefen baki.

Da la'asar Malam ya dawo gida, ƙasa a gwiwar wandonsa. Bai ci abinci ba. Ya yagi falle daga tsohon littafi, ya ja layi da gefen kwali, ya rubuta wa shugaban 'yan kasuwa takardar ƙorafi. Ya san ba za a karanta ba. Duk da haka ya sa kwanan wata, ya sa adireshi, ya kawo bayani daki-daki babu gogewa ko ɗaya. A ƙasa ya rubuta: Abin da aka rasa.

Na ɗaya, jar akuya, guda. Na biyu, 'ya'yanta, duka biyun da ta haifa.

Biron ya daɗe a tsaye a kan layi na uku. Daga ɗaki yana jin Kulu na ninke tsumman. Sannan ya rubuta, da kyakkyawan rubutun da ya koya wa yara shekara talatin da biyar: Na uku, Nusaiba, jikata, 'yar Raliya, kwana hamsin da biyu a duniya.