Mai Taka Birki

Na'ura ce ta sauya man birkin motar lantarkin wata mata jiya a garejin bayan kasuwa, ta fitar da iskar da ke cikin birkin. Duk da haka makaniken ya zaunar da yayansa a kujerar direba. Tun da yayan ya makance, taka birki ne kaɗai aikin da ya rage masa.

"Taka, Yaya! Riƙe! Saki!"

Makaniken ya raɗa wa mai motar: "Kar ki gaya masa na'ura ce ta yi aikin."

Da ya tafi wanke hannu, Yaya ya juyo wajenta.

"Baiwar Allah, na san ƙafata ba ta yi komai ba. Ki rufa min asiri. In ya san na gane, kunya za ta hana shi kirana gobe."

Har ta tafi, babu wanda ta faɗa wa.