Bijimin da Ya Hau Sharet

Ranar da Maiguwa ya fara taka ƙasa bayan zazzaɓin da ya kwantar da shi, bai je gaida kowa ba. Sharet ɗinsa ya nufa. Amalanken jaki ne fa, amma in ka ji yana zancensa sai ka rantse kamyo ne, babbar motar kaya. Shi kansa bai taɓa hawa ba, a ƙasa yake bin jaki, wai kada fenti ya goge.

Ya iske shi a karkace, tayar hagu ta shige ciki kamar ƙafar gwame. Ƙarfen tsakiya, wanda tayoyin biyu ke juyawa a kansa, ya lanƙwashe. Ga albasa jibge a fadama tana jiran a kai ta bakin titi.

Maiguwa kuwa Allah bai yi masa rowar jiki ba, balle ta baki. Ya ƙwala wa matarsa Raihana kira, wa ya taɓa masa kaya? Ta ce tuwonta na ƙonewa, ta shige madafa, alhali ko wuta ba ta hura ba. Jakin ma da ya hango shi sai ya ja da baya, har ya tuge turke.

Aka kira Lurwanu mai walda daga Urno, ya zo da sabon ƙarfe ɗaure a bayan moto. Ya ɗora sharet a kan turame biyu, ya kwance tayoyi, ya zaro tsohon ƙarfen ya ɗaga shi yana kallo da ido ɗaya. Lurwanu irin mutanen nan ne da ba a taɓa tambayarsu su ce ba su sani ba.

"Baba, wanga ba aikin albasa ba na. Albasa baje ta akai. Wanga abu guda na, an jibge shi gefe guda. Dubi katakon ga, shure-shure yay yi. Dubi inda igiya tac ci fenti, ɗaure shi anka yi."

"Mi na ne?"

"Bijimi. Ƙosasshe."

Bijimi ɗaya ne a duk unguwar, na Alhusaini, taubashin Maiguwa kuma maƙwabcinsa, wanda tun suna tsirara suke zagin juna suna cin tuwo a akushi ɗaya. Wa kuma ya yi ta shiga da fita gidan lokacin jinya? Shi.

Maiguwa ya bar Lurwanu yana ɗaura sabon ƙarfe, ya tura kai ta saman darni.

"Kai, maras kunya! Ina kwance ban san inda kaina yake ba, kas sa bijiminka yah hau mini sharet kamar ango?"

Alhusaini sai ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki don dariya. Da ya samu numfashi ya ce, "Taubashi, don Allah bar zancen ga. Don mutuncinka."

Mutunci! Ai kamar ya watsa wa wuta esansi.

Maiguwa ya shiga gari neman shaidu, ya kuwa samu. Mai shayi ya ce lalle ya ga sharet ya wuce, ƙarti na tura shi ta baya don jaki ya gaza. Wata mai fura ta ce tun daga rijiya ta ji ruri, har awakinta suka watse. Wani ya ce shi ya kama ƙafar baya, ga ma shatar shurin da ya sha a haƙarƙari. Duk wanda ya ba da shaida sai ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Maiguwa ya ce tsoron Alhusaini ne ke kaɗa su.

Bayan la'asar magana ta kai ƙofar maigari. Gari ya taru kamar ranar kokawa. Alhusaini ya zo da bijiminsa, ya ɗaure shi a gindin bedi, dabba na tuƙa abinta.

Maiguwa ya yi bayani, bai rage komai ba. Shi mutum ne da aka kai gidan likita a Madawa cikin ambilas, motar marasa lafiya, har kukanta yana ji sama-sama cikin magagi. Ashe yana can ana ɗura masa ruwa, amana na nan ana cin ta.

Maigari ya yi tari, ya dubi ƙasa. Ya ce a yi haƙuri, ƙarfe dai an riga an sake shi. Maiguwa ya ce ina! Maigari ya ce zumunta ta fi sharet. Maiguwa ya ce in haka zumunta take, daga yau ya toshe ƙofar da ke tsakaninsa da Alhusaini da ƙaya. Liman ya raɗa masa cewa kada ya rantse. Ai sai ya ɗaga murya yadda na bayan danga za su ji.

"Dabbar da tal lanƙwasa ƙarfen ga, gobe da safe ita za a ɗaura ma sharet, ta ja albasata har bakin titi, gari na kallo! In ban sa anka yi haka ba, a sake mini suna!"

Raihana, daga cikin mata, ta ɗora hannu biyu a ka.

Maigari ya nisa. "To, jama'a kun ji. Alhusaini, miƙa mishi dabbar."

Alhusaini ya tashi, ya kwance igiyar daga wuyan bijiminsa, ya bar shi nan yana tuƙa. Ya tako a hankali, ya rataya ta a kafaɗar Maiguwa, har da gyara mata zama.

"Taubashi, ambilas ɗin da kaj ji tana kuka, jakinka na."